Watandar Littafi

Wani ne a Kakuri, mai gyaran fanka. Shagonsa ɗan ƙarami ne, matattun fankoki sun cika shi har rufi. Gyaransa ba laifi. Fanka in ta shiga hannunsa takan juya, ko da da baya ne. Buri ɗaya gare shi a duniya: a ce ya iya Turanci mai nauyi, irin wanda in aka faɗa sai wuri ya yi tsit. Ya yi sakandare, yana iya karatu in ya bi layi da yatsa. Amma Turancin bakinsa bai wuce na cinikin kayan gyara ba.

Rannan wata yarinya ta kawo fankar babanta daga Makera. Sunanta Hafsat. Ta zauna a benci tana jira, ta ciro wata 'yar takarda duk maiƙo daga jaka, ta duƙufa a kai kamar wadda aka aiko wa saƙo daga nesa. Gogan naka ya kwance fanka, ya ɗaure, ya sake kwancewa, don dai kada ta tashi.

Can ya yi ta maza ya ce, "Malama, me ake karantawa haka?"

Ta ce, "Takardar awara ce. Ni duk abin da ke da rubutu sai na karanta. Ba abin da ke burge ni kamar kalmar da ban taɓa ji ba. Sai in ji kamar an kawo mini tsaraba."

"Ashe ke ma 'yar gida ce."

"Gado na yi. Babana akawu ne a masaƙa kafin a rufe ta. Shi da Turanci yake auna mutum. Wanda ya zo neman yayata da farko, daga gaisuwarsa Baba ya ce a ba shi ruwa ya sha ya kama hanya."

Gogan ya ɗago kai daga aiki. Ya ce fankar tana da babbar matsala, sai dai ta dawo wani mako. Fankar kuwa waya ɗaya ce ta tsinke.

To, a bakin ƙofar tsohuwar masaƙar nan akwai wata mai soya ƙosai, Mama Obiageli. Tana da ƙawa a Makera, Asabe mai awara, wurin mai sayar da man gyaɗa suka saba. Damuwarsu ɗaya: takardar naɗi. Mutane sun daina sayen jarida, kowa ya koma waya, kuma ba a naɗe ƙosai a waya. Wata rana wani ɗan gwangwan ya kawo musu wani ƙaton tsohon littafi da ya tsinto a sharar wani gida. Suka haɗa hannu suka saya. Wajen rabo rigima ta tashi. Farkon littafin gara ta taɓa, ƙarshensa ruwa ya jiƙa, kowacce ta ce ba za ta ɗauki ɓangaren da aka miƙo mata ba.

Wani mahauci da ke gefe ya ce, "Ku kawo nan. Watanda ai aikinmu ne."

Ya ɗora littafin a kan kututture, ya ɗaga adda, ya sare shi daga sama zuwa ƙasa, a tsakiya cif. Kowacce ta sami rabin kowane shafi, da gara da ruwa daidai wa daida. Addar tana da giɓi, sai ta bar wani ɗan kunne a gefen kowace takarda.

Littafin na tsofaffin kalmomin Turanci ne, irin waɗanda Turawan ma sun binne su sun yi musu sadakar uku. A kowane shafi kalmomi na hagu, ma'anarsu na dama. Da adda ta ratsa tsakiya, kowace takarda ta zama gabanta kalmomi, bayanta ma'anoni. Sai dai ma'anonin da ke bayan na wasu kalmomin ne daban. Kalmar da ta zauna a Kakuri, ma'anarta ta hau keke ta tafi Makera.

Washegarin zuwan Hafsat da safe gogan ya sayi ƙosai a wurin Mama Obiageli. Ya cinye, zai yar da takarda, idonsa ya faɗa a kan wasu kalmomi da ko a mafarki bai taɓa gani ba. Ya juya bayan. Ga bayani dalla-dalla, layi yana kallon layi.

Ya ce, "Kai, Bature da dabara! Kalma a gaba, ma'ana a baya, don kada ɗalibi ya yi satar amsa."

Ya koma da gudu. "Mama, takardun nan duka nawa za ki bar mini?"

Mama Obiageli ko kallonsa ba ta yi ba. "Oga Fanka, in na sayar maka, a tafin hannu zan zuba wa mutane? Takarda sai da ƙosai."

"To ba ni na yau, amma ki naɗe kowane ƙosai a takardarsa daban."

"Kana lafiya?"

"Ilimi nake nema, Mama."

"Nemi a makaranta. Nan wake muke soyawa."

Haka ya shiga sayen ƙosai ba ji ba gani. Ya ci da safe, ya ci da hantsi, ya ajiye na rana. Ya raba wa maƙwabta har suka fara ɓuya in sun hango shi da ƙunshi. Kafin mako ya zagayo cikinsa ya fara ƙara fiye da fankokin shagonsa. Mai kemis ya ce ko ya bar wake ko wake ya bar shi a kwance.

Sai ya sake dabara. Tunda kowa yar da takardarsa yake yi, ai ba sai ya saya ba. Ya riƙa zuwa da sassafe ya tsaya a kan masu ci. Ba ya roƙo, ba ya magana. Tsayawa kawai yake yi, hannu a baya, wuya a karkace, yana ƙoƙarin karanta takarda ta ƙarƙashin ƙosai. Mutum na kai loma baki, idon gogan na bin hannun ya dawo.

Wata safiya wani dattijo mai farin gemu da tabarau ya zo taron tsofaffin ma'aikatan masaƙa. Ya zauna a bencin Mama da kokonsa da ƙosansa. Gogan ya zo ya tsaya a kansa. Dattijo ya juya dama, ya bi shi dama. Ya juya hagu, ya bi shi hagu. Ya ba shi baya, ya leƙo ta kafaɗa.

"Samari, lafiya?"

Shiru. Gogan ya hango wata kalma rabi, ƙosai ɗaya ya danne sauran.

Dattijo ya tauna, ya kasa haɗiyewa. Ya kurɓi koko, ƙosai ya ƙi wucewa. Ya gaji, ya miƙa masa takardar da ƙosai guda da ya rage.

"To bismillah, bawan Allah. Allah Ya yaye mana."

Gogan ya karɓa da hannu biyu. Ya kama hannun dattijo, ya buɗe tafin, ya juye masa ƙosan a ciki, ya tafi da takardar yana murmushi.

Dattijo ya bi shi da kallo, ƙosai a hannu. Ya ce, "Ikon Allah. Yunwa a Kakuri har ta kai ana cin takarda a bar ƙosai."

Mama Obiageli ta ɗaga matsami ta nuna gogan. "Oga Fanka, abeg, kana korar mini kwastoma! Idonka na tsayar wa mutane da abinci a wuya!"

Bai ji ba. Yana can yana duba ganimarsa. Kalmar da ke sama ita ce groak. Ya juya baya, ya bi layi da yatsa: shugaba, mai riƙe da ragamar jama'a.

Ya ce, "Shi ke nan, na sami suna."

A ranar ya kai sabuwar shaddarsa wurin tela, ya ce a ɗinka masa kalmar a aljihun gaba da zare ruwan gwal, manyan baƙaƙe, yadda za a hango daga tsallaken titi.

Da Hafsat ta dawo karɓar fanka, ya goge benci da hularsa. Ya tsaya ya gyara murya, ya dubi ƙasa, don bai iya kallon idonta ba.

"Na yi miki tsaraba. Kalma ce. Na duba duk Kaduna ban ga wadda ta dace da ita ba sai ke."

"Wace kalma?"

"Beldam."

Ta maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana alewa. "Beldam. Me take nufi?"

"Mace wadda ta haɗa kyau da kirki."

Hafsat ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Samari sun sha ce mata tauraruwa, sun sha ce mata zuma, duk kalmomin da aka gama faɗa wa 'yan matan unguwa. Wannan kuwa ba a taɓa faɗa wa kowa ba daga Makera har Sabon Tasha. Ta ɗauki fanka ta tafi. Bayan kwana biyu ta dawo da ita, wai tana wata 'yar ƙara. Fankar lafiyarta lau.

Daga nan fankar Malam Usman, mahaifin Hafsat, ta zama fankar da ta fi kowace ciwo a jihar. Hafsat ta sa Beldam a sunanta na waya. Ƙawayenta na wurin koyon ɗinki suka koma kiranta Hajiya Beldam. Wata ta ce a duba a waya a ga asalin kalmar, Hafsat ta hana. Ta ce ma'anar da ta ji daga bakin mai ita ta ishe ta.

Rannan ta ce, "Baba ya ce fankarsa ta fi shi sanin hanyar Kakuri. Ya ce mai gyaran ya zo ya gan shi. In ka yi masa, zai ba ka izinin zuwa zance. In ba ka yi masa ba, za a ba ka ruwa."

"Kada ki damu. Na tanadar masa kalmar da za ta sa shi hawaye."

An yi ƙaramar sallah da 'yan kwanaki, ko lallen hannun mata bai goge ba, gogan ya sa shaddarsa mai rubutu, ya cusa takardunsa a aljihu ɗaure da wayar fanka, ya hau keke sai Makera. Bayan la'asar aka shigar da shi falo. Malam Usman na zaune a kujera, farin gemu, tabarau a karan hanci. Gogan ya zube a tabarma.

Malam Usman ya dube shi ta saman tabarau. "Fuskar nan kamar na san ta."

"Anya, Baba. Yau na fara ganinka."

Gaskiyarsa ya faɗa. Shi bai taɓa kallon fuskar mai ci ba, takarda yake kallo.

Aka kawo farfesun kaza. Gogan ya noƙe, wai kunya. Malam Usman ya ce shi ɗan boko ne, ba ya son wannan noƙe-noƙen, a ci. Suka ci. Kazar ta ga duniya. Gogan ya ja, ta ja, ya haɗiye da ruwa. Ya hango ƙafar mahaifiyar Hafsat a bayan labule, ya ɗaga murya.

"Baba, a gaya wa Hajiya, wannan ba nama ba ne. Wannan cag-mag ne."

"Wato me?"

"Abinci na musamman, irin wanda ake kai wa manya."

Daga bayan labule aka ce, "Allah Ya yi albarka. Hafsat, ƙaro masa cinya."

Malam Usman ya gyara zama. Yaro ya fara shiga ransa. "To ni fa, samari? Me Turancinka ya ce a kaina?"

Gogan ya sunkuyar da kai cikin ladabi. "Kai ai Baba, ba a yi wata kalma dominka ba sai fopdoodle."

Malam Usman ya daskare. Ya cire tabarau. Idonsa ya ciko.

"Sake faɗa."

"Fopdoodle, Baba. Wato dattijon asali, tushen gida."

"Allahu akbar! Hajiya, kin ji? Kin ji abin da nake gaya muku? Rabona da kalmar nan tun Mista Derrick, manajanmu a masaƙa. Kullum da ita yake kirana. In na kai masa fayil, fopdoodle. In na makara, fopdoodle. Ranar da na zubar masa da shayi a kan takardu sau uku ya faɗa, har yana buga tebur. A duk ofishin ni kaɗai yake kira haka. Na duba ƙamus na ofis ban same ta ba, na ce wannan sarauta ce ta can ƙasarsu."

"Ai ya san daraja, Baba."

"Ya sani! Ɗana, a ina ka yi karatu?"

Gogan ya ji an ce ɗana, kansa ya yi girma. Ya zaro ƙunshin takardu, ya kwance wayar fanka, ya baza su a tabarma. Falo ya ɗauki ƙamshin tsohon ƙosai.

Daidai nan Hafsat ta shigo da awarar da babanta ya saba ci da yamma, daga wurin Asabe, a naɗe a takarda. Ta miƙa masa. Za ta juya, idonta ya sauka a kan tabarma. Ta ga ɗan kunnen nan a gefen kowace takarda.

"Wayyo! Ɗaya rabin ne!"

Ta ruga ɗaki ta fito da gwangwanin alewa cike da takardu, an goge su, an jera su bi da bi. Ashe tun tuni ta gane na wurin Asabe rabi ne, don tana ganin wutsiyar baƙaƙe a bakin yankan. Ta kwashi tsofaffin littattafanta na makaranta ta kai wa Asabe, ta karɓo kusan duka. Ta daɗe tana tunanin ko a hannun wa sauran yake. Yau ga shi ya shigo falonsu da ƙafarsa, cikin shadda.

Ta durƙusa. "Baba, ka ga ikon Allah? Rabi a wurinsa, rabi a wurina. Bari in haɗa tawa in karanta maka."

Ta ɗauki takardar beldam, ta lalubo 'yar uwarta, ta haɗa kunne da kunne. Suka zauna daram. Ta fara karantawa tana murmushi, tana fassarawa.

"Beldam. Tsohuwa..." Ta tsaya. Ta matso da takarda kusa da ido. "Tsohuwa mummuna, mai baƙin hali. Mayya."

Fankar da aka gyara ce kaɗai ke magana a falon.

Gogan ya ce, "A'a, ba nan ake dubawa ba. Juya baya."

"Bayan na wata kalmar ne."

"Wace?"

"Wadda ba ka kira ni da ita ba."

Daga bayan labule aka ce, "Duba mini tawa."

Hafsat ta haɗa. Muryarta ta koma irin ta mai karanta labarai. "Cag-mag. Tsohuwar dinya mai tauri. Naman banza da bai cancanci a ci ba."

Aka ji an ajiye kwano da ƙarfi. "Hafsat, bar cinyar nan."

Malam Usman ya saci kallon ƙashin da ya sha fama da shi. Sai ya yi gyaran murya. "To, kuskure ai ba ya wuce biyu. Duba tawa, ita kam ina da shaida."

"Baba, a bar ta."

"Karanta."

Ta haɗa. Ta ce a hankali, "Fopdoodle. Wawa. Mutumin da ba a lissafi da shi."

Malam Usman ya mayar da tabarau, ya sake cirewa. Ya dubi bango, inda hotonsa yake tsaye kusa da wani Bature mai gashin baki, shi yana dariya, Baturen ba ya yi.

"Sau uku," in ji shi. "Har yana buga tebur."

Gogan ya ga ruwan da za a ba shi yana tafe. Ya yi wuf ya ce, "Baba, littafin nan ƙarya ne! Ka duba fa, a shara aka tsinto shi. Da na kirki ne da an yar?"

Malam Usman ya kama maganar kamar mai nutsewa ya sami reshe. "Ƙwarai! Ƙarya ne. Turawa ma suna shirme. Wa ya san wanda ya rubuta shi? Wataƙila ma maƙiyin Mista Derrick ne."

"Shi ne, Baba!"

"Hajiya, kin ji, littafin ne ba shi da inganci."



Hafsat ta ɗago kai. Ta dubi aljihun shadda, inda zare ruwan gwal ke walƙiya. "To mu gwada da wadda ya sa wa kansa. In ita ma ba ta yi kama da shi ba, na yarda littafin ƙarya ne, in ci gaba da zama Beldam."

Gogan ya ce, "Madalla!" Ya miƙa mata takardar groak. Ta bi gwangwani daga farko har ƙarshe. Ta sake bi. 'Yar uwar ba ta ciki.

"Tana cikin waɗanda suka rage a wurin Asabe," in ji ta.

Gogan ya shiga waige-waige. Malam Usman kuwa, don ya huce, ya buɗe awararsa ya fara ci. Idon gogan ya sauka a kan takardar. Ga ɗan kunne. Ga rubutu yana leƙowa ta ƙarƙashin yaji.

Bai san sanda ya miƙe ba. Ya je ya tsaya a kan Malam Usman, hannu a baya, wuya a karkace. Malam Usman ya juya dama, ya bi shi dama. Ya juya hagu, ya bi shi hagu. Awara ta tsaya wa dattijo a wuya.

"Samari, lafiya?"

Shiru. Guda ɗaya ta danne layin.

Malam Usman ya miƙa masa, a hankali, yana kallonsa ta saman tabarau. "To... bismillah."

Gogan ya karɓa da hannu biyu. Ya kama hannun Malam Usman, ya buɗe tafin, ya juye masa awarar a ciki, ya kai wa Hafsat takardar yana murmushi.

Kunne ya haɗu da kunne. Hafsat ta share yaji da gefen mayafi, ta karanta.

"Groak. Mutum ya tsaya a kan mai cin abinci, ya zuba masa ido, bai ce uffan ba, yana jiran a ce masa bismillah."

Malam Usman ya dubi awarar da ke tafin hannunsa. Ya dubi aljihun shadda. Ya dubi fuskar.

"Kai ne. Bencin mai ƙosai."

"Baba, ai takardar nake..."

"Littafin nan ba ya ƙarya," in ji Malam Usman. Ya miƙe, ya je ya juya hoton Mista Derrick ya fuskanci bango, ya dawo ya zauna.

Hafsat ta tattara takardun duka, nata da nasa, ta zuba a gwangwani ta rufe. Kafaɗunta na rawa. Ko kuka ne ko dariya, mayafi ya rufe. Ta shige ciki da gwangwanin a ƙirji. Aka aiko da ruwa a kofi.

Gogan ya sha ruwa. Ya ɗaure wayar fankarsa a yatsa, ya kwance. Ya kai bakin ƙofa, ya sa takalmi ɗaya, ya juyo.

"Baba, to maganar izinin fa? Yaushe zan dawo?"

Malam Usman ya rufe awararsa da ɗaya hannun.

"Ka dawo da azumi. Da rana tsaka."